Baho a Gefen Gado, Asara a Rabon Gado

A cikin hotunan gidaje da dillalai da masu ƙawata ɗakuna ke yaɗawa a Instagram, akwai wani hoto da ya fara yawaita. Ɗakin maigida ne mai faɗi, da katafaren gado, da labule daga silin har ƙasa. A gefe guda kuma, kusa da taga, ga wani farin baho mai siffar ƙwai zaune a kan tayil, babu bango tsakaninsa da gadon, babu ƙofa, ko zane ba a rataya ba. Famfonsa ya fito daga ƙasa ya lanƙwaso kamar wuyan zalɓe. Galibi akan ajiye kyandir biyu da naɗaɗɗen tawul a bakinsa, domin mai ɗaukar hoto ya san aikinsa. Wanda ya gina gidan ya kashe kuɗi masu yawa a wannan kusurwa, kuma an gaya masa cewa ta ƙara wa gidan daraja. Ko dai an yaudare shi, ko kuwa wanda ya gaya masa bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake cinikin gida ba.

Tilas a raba abubuwa biyu tun daga farko, don masu kare wannan yayi sukan haɗe su da gangan. Ban-ɗaki a cikin ɗaki, mai bangonsa da ƙofarsa da tagarsa, abu ne da kasuwa ta karɓa tuntuni. A Abuja da Kano da Kaduna, tallar sabon gida da ba ta ce kowane ɗaki da ban-ɗakinsa ba, ta riga ta rasa masu saye da yawa. Ba a kan wannan ake magana ba. Abin da ake tuhuma shi ne bahon da aka fitar daga ban-ɗaki aka girke a fili cikin ɗakin kwana, tamkar kujera ko teburin madubi.

Asalin abin daga Ingila yake, kuma tarihinsa abin dariya ne ga wanda ya san shi. A zamanin Sarauniya Victoria, kafin a shigar da bututun ruwa gidaje, attajirai a ɗakin kwana suke wanka. Barori ke hawa bene da ruwan zafi su zuba a wani ƙaramin bahon kwano a gaban murhu, idan an gama su kwashe ruwan dauɗar su sauka da shi. Talaka kuwa a ɗakin girki yake ajiye bahonsa, iyali su yi ta shiga bi da bi a ruwa ɗaya. Wanka a ɗakin kwana alama ce ta rashin famfo. Ƙidayar 1951 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyalai a Ingila da Wales ba su da kafaffen bahon wanka, kuma gwamnatocin da suka biyo baya sun yi shekaru suna ba da tallafi domin a gina wa tsofaffin gidaje ban-ɗaki. Al'umma guda ta yi wahalar fitar da wanka daga ɗakin kwana ta kai shi inda ya dace. Da aka gama wannan aiki aka huta, sai masu otal suka dawo da shi a matsayin ado. Ana yawan danganta farfaɗowar tasa da Babington House, wani gidan hutu a Somerset da Nick Jones, mai kulob ɗin Soho House, ya buɗe a 1998, wanda Ilse Crawford ta tsara cikinsa. Daga nan ƙananan otal-otal masu tsada suka ɗauka, mujallun ado suka yayata, intanet ta ƙarasa aikin.

Otal ya taɓa ba wa gidaje kyauta mai amfani. A farkon ƙarni na 20 otal ɗin Statler da ke Buffalo a Amurka ya yi suna da bai wa kowane ɗaki ban-ɗakinsa a farashin da matafiyi mai matsakaicin hali zai iya biya, kuma wannan tsari ya bazu duniya domin ya magance wata buƙata ta gaske. Baho a gefen gado bai magance komai ba. Abin da otal ke sayarwa da shi shi ne jin cewa mutum ya fita daga rayuwarsa ta kullum. Baƙo yana kwana biyu ya tafi. Ba shi ke goge ruwan da ya fantsama ba, ba shi ke durƙusawa ya wanke ƙarƙashin bahon ba, ba shi da yaro mai rarrafe a ɗakin, ba shi da suruka da za ta shigo duba shi. Akwai ma'aikata masu sharewa kullum, akwai injiniya a ƙasa, akwai tukunyar ruwan zafi da ba ta mutuwa. Wanda ya kwafo hoton ya kai gidansa ya ɗauko bahon ya baro ma'aikatan a can.

To, a duba abin da ke faruwa bayan mai hoto ya tafi.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Irin waɗannan bahuna masu zaman kansu sukan ci lita 200 ko fiye kafin su cika yadda ake gani a hoto. Idan na ƙarfen zubi ne ko na dutse, shi kansa bahon yana iya kai kilo 150 babu ruwa. A haɗa da mai wanka, an haura kilo 400 a kan fili ɗan kaɗan, wani lokaci ma a kan ƙafafu huɗu ƙanana. A Birtaniya, inda benen yawancin gidaje na katako ne kuma an ƙiyasta shi a kan kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, wannan kaɗai yakan sa a nemi injiniya a ƙara ƙarfin katakan. A Nijeriya dakin na siminti ne da rodi, kuma idan an zuba shi bisa ƙa'ida zai ɗauki nauyin. Matsalar tana wajen bututu. Ruwan da aka yi wanka da shi tilas ya gangara, kuma gangara tana buƙatar wuri. A ban-ɗaki an tanadi wannan tun a zane. A tsakiyar ɗakin kwana kuwa, musamman idan gidan ya riga ya ginu, mai aikin famfo yana da zaɓi uku, dukkansu marasa kyau: ya gina dandamali ya ɗaga bahon, wanda zai zama abin tuntuɓe da dare, ko ya sassaƙe dakin ya binne bututun, wanda kan kai shi ga taɓa rodi, ko ya huda dakin ya ratsa da bututun ta cikin silin ɗakin da ke ƙasa. Ɗakin da ke ƙarƙashin na maigida kuwa sau da yawa falo ne. Ranar da mahaɗin bututu ya fara ɗiga, baƙi ne za su fara gani, a jikin farin silin da aka kashe wa kuɗi.

Akwai kuma wani ɗan abu da ba a cika lura da shi ba sai ya yi wari. Ƙarƙashin kowane baho akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, kuma wannan ɗan ruwan shi ne katanga tsakanin ɗaki da iskar ramin sokawe. A ban-ɗakin da ake amfani da shi kullum, ruwan yana sabuntuwa. Bahon ado kuwa ana iya wata biyu ba a buɗe famfonsa ba, kuma busasshiyar iskar hunturu ba ta daɗewa wajen ƙafar da abin da ke cikin lanƙwasar. Daga nan hanya ta buɗe ga wari da kyankyaso, kai tsaye zuwa inda ake kwana. Idan kuma ana amfani da shi, sai matsalar ta juya: tururi. An yi ban-ɗaki da tayil har sama domin ya sha danshi ya bushe. Ɗakin kwana cike yake da abubuwan da ke tsotse danshi su riƙe: katifa, labule, sif na katako, shaddodi masu tsada, takalman fata, littattafai. A watan Agusta, lokacin da ko babu baho fumfuna ke kama kaya a Abuja, ƙara wa ɗaki tururin lita 200 na ruwan zafi neman magana ne. Ƙa'idar gini ta Ingila ta wajabta fankar da ke zuƙe iska lita 15 a kowace daƙiƙa a ɗakin wanka. Ba a taɓa ganin wannan fanka a hoton Instagram ba, kuma mai son barci ba zai so ƙararta a kansa ba.

Maganar wutar lantarki ta fi duk waɗannan nauyi, domin ita rai take ɗauka. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ba ta duba sunan ɗaki. Duk ɗakin da ke da baho, a wurinta ɗakin wanka ne. Ta daɗe tana hana sanya soket na yau da kullum a ƙasa da mita 3 daga wurin bahon, gyaran 2022 ya rage tazarar zuwa mita 2.5, kuma ta wajabta na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mutum. Nijeriya na amfani da irin soket ɗin Birtaniya da irin ƙarfin wutarta. A auna ɗakin kwana mai mita 4 da 5, a zana da'irar mita biyu da rabi daga bakin baho, a ga abin da ya rage. Soket ɗin gefen gado, inda ake cajin waya, yawanci yana ciki. A ƙasar da dubban gidaje ba su da sahihin wayar ƙasa, inda wuta ke sauyawa tsakanin ta kamfani da janareta da batirin sola sau da yawa a yini, haɗa jiƙaƙƙen jiki da wayar caji a ɗaki ɗaya ganganci ne. Mai ƙawata ɗaki ba ya ɗaukar alhakin wannan. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Sai ruwan kansa. Mutum yana wanka fes da bokiti ɗaya, lita 15 zuwa 20. Cika baho sau ɗaya wankan mutum goma ne, ko jarkoki takwas masu lita 25, wato kusan kurar ɗan garuwa guda. A Kano, inda matatun Challawa da Tamburawa da Watari suka daɗe ba sa isar birnin kuma unguwanni da yawa suka manta rabonsu da ruwan famfo, wannan lissafi ba wasa ba ne. A Abuja ma, ruwan madatsar Usuma bai kai ga yawancin sababbin rukunin gidaje ba, kowa da rijiyar burtsatsensa yake, kuma burtsatse da wuta yake aiki. Ɗumama lita 200 daga digiri 20 zuwa 40 yana cin kusan kilowat-awa 5. A farashin naira 225 da aka sanya wa masu rukunin A a Afrilun 2024, fiye da naira dubu ke nan a wanka ɗaya, ban da kuɗin turo ruwan zuwa tanki. Hasali ma hitar da ake maƙalawa a yawancin gidaje ba za ta iya ba: mai lita 50, ko ta yi zafi iyakar zafinta, idan aka sirka ba za ta ba da fiye da kimanin lita 125 na ruwa mai ɗumi ba. Mai gida zai zauna a cikin rabin baho, ruwa iya ƙugu, yana jiran hita ta sake tafasa.

Ba sai an yi duba ba kafin a san ƙarshen irin wannan kaya, domin an riga an ga wansa. Bahon Jacuzzi ya samo asali ne daga wani iyali 'yan asalin Italiya a California, waɗanda a shekarun 1950 suka ƙera famfon motsa ruwa don sauƙaƙa wa wani yaronsu ciwon gaɓɓai, kafin a 1968 su mayar da shi baho na alfarma. Ya shigo manyan gidajen Nijeriya a matsayin shaidar arziki. Duk wanda ya zagaya gidajen haya a tsofaffin unguwannin masu hali ya ga yadda da yawansu suka ƙare: injin ya mutu, babu mai gyara, ramukan fesa ruwa sun yi baƙi, an mayar da bahon wurin tara ruwa ko wurin tsayawa a yi wanka da bokiti. Sa'arsa ɗaya, yana bayan ƙofa. Mai saye zai leƙa ya yi tsaki ya ja ƙofar. Na gefen gado ba shi da ƙofar da za a ja.

Harshen Hausa da kansa ya faɗi inda ake wanka. Ana cewa bayan gida, ana cewa ban-ɗaki, wato bayan ɗaki, ana cewa makewayi, wurin da sai an kewaya ake zuwa. Gidan Bahaushe na gargajiya an tsara shi ne bisa matakan sutura, daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida zuwa ɗaki, kowane mataki yana rage yawan idanun da aka yarda su wuce. Da gidajen zamani suka shigo da ban-ɗaki cikin ɗaki, akwai dattawan da suka ƙi, suna ganin bai dace wurin najasa ya yi maƙwabtaka da inda ake salla ake ajiye Alƙur'ani ba. Bango da ƙofa ne suka raba gardamar. Masu kare bahon fili sukan ce ai babu masai a jikinsa, ruwa ne kawai da sabulu. Gaskiya ne, amma wannan amsa ce ga tambayar da ba a yi ba. Turakar maigida ko ɗakin uwargida ba keɓaɓɓen wuri ba ne irin na Bature. Yara na shiga gaisuwa da safe, 'yar aiki na shiga shara, ranar haihuwa ko jinya ko rasuwa dangi har bakin gado suke zama. Wankan jego na kwana arba'in, da tafasasshen ruwa da ganye ana fyaɗawa, ba zai yiwu a gefen katifa ba. Wankan tsarki ma, a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, ruwan da sabulu ya canja masa launi ko ƙamshi ba ya tsarkakewa, saboda haka wanda ya jiƙu a baho sai ya tashi ya nufi ban-ɗaki ya sake. Wato bahon bai ɗauke wa ban-ɗaki ko aiki ɗaya ba. Ƙari ne a kan abin da dole a gina.

Duk wannan shi mai saye ke lissafawa a cikin 'yan mintocin da ya tsaya a ƙofar ɗakin, ko da bai san sunan ƙa'idar wayarin ba.

Kuskuren da masu gini ke yi shi ne zaton cewa darajar gida jimillar abin da aka kashe masa ce. Masu ƙiyasta darajar gidaje ba haka suke aiki ba. Babbar hanyarsu ita ce kwatance: nawa aka sayar da makamancinsa a wannan unguwa kwanan nan. Farashin yana fitowa ne daga wuri, da girman fili, da ingancin takarda, da yawan ɗakuna, da hanya da ruwa da tsaro. A Nijeriya musamman, inda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sahihiyar takardar mallaka da amincewar gwamna suka zama rabin ciniki, fili da takarda sukan rinjayi ginin kansa. A Maitama da Asokoro, da Nasarawa a Kano, ana sayen tsohon gida a rushe shi gaba ɗaya domin filin ake so. Kowane ƙari da aka yi wa gida ana auna shi ne da abin da mai saye zai yarda ya ƙara saboda shi, ba da rasit ɗin mai gini ba. Ko a Amurka, inda ake bin diddigin wannan a kowace shekara, rahoton da mujallar Remodeling ta daɗe tana fitarwa yana nuna abu ɗaya a kai a kai: ban-ɗakin alfarma ba ya mayar da kuɗin da aka zuba masa, alhali abu maras kwarjini kamar sauya ƙofar gareji yakan kasance a sahun gaba. Wannan fa ban-ɗaki ne cikakke mai ƙofa.

Ƙari iri uku ne. Akwai wanda kowa ke so, kamar burtsatse mai ruwa, da sola, da rufin da ba ya yoyo. Akwai wanda bai dami kowa ba, kamar launin fenti, da ake sauyawa a yini biyu. Akwai kuma wanda ke raba masu saye gida biyu, kuma bahon gefen gado shi ne sarkin wannan rukuni. A cikin masu zuwa duba gidan, mai ƙananan yara zai tuna cewa yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon hannu ba. Dattijo zai dubi bakin bahon mai tsayin fiye da rabin mita, babu bangon da za a kafa abin riƙewa, ya tuna gwiwarsa. Mai iyali da yawa zai ga an cinye wurin sif ko wurin shimfiɗa darduma. Kamfani ko ƙungiyar da ke neman gidan haya ga ma'aikatanta tana son abin da ba zai jawo ƙorafi ba. Wanda ya rage, wanda abin ya burge, ƙila mutum ɗaya ne, kuma da zarar ya gane shi kaɗai ne, ba zai ƙara ko kwabo ba. Farashi yana tashi ne idan mutum biyu suna son abu ɗaya. Sauran kuwa, idan sun taya, sai sun cire kuɗin gyara: a ciro bahon, a toshe bututu, a fasa tayil, a nemo irinsa a kasuwa a tarar an daina kawo shi, a ƙare da sake tayil ɗin ɗakin baki ɗaya. Mai saye kuma ba ya cire ainihin kuɗin gyara, yakan ninka, saboda wahala da kuma zargin abin da ke ɓoye. A Nijeriya, inda rancen sayen gida bai yi ƙarfi ba kuma mafi yawan ciniki da tsabar kuɗi ake yi, masu iya biya kaɗan ne tun asali. Korar rabinsu saboda kusurwa ɗaya wauta ce.

Akan ce ai masu kuɗi na gaske suna son abin da ba kowa ke da shi ba. Mai kuɗi na gaske yana son abin da shi ya zaɓa. Zai kawo nasa mai zane, kuma abu na farko da sabon mai zane ke yi shi ne rushe aikin na baya. Yayi kuma yana tsufa fiye da gini. A shekarun 1970 Turawan Ingila sun yi rububin kayan ban-ɗaki masu launin koren fiya, har da shimfiɗa kafet a ƙasan wurin wanka. Yau waɗannan su ne abin da dillalansu ke ba da haƙuri a kai. Gida yana shekara hamsin a tsaye. Hoton Instagram ba ya shekara biyar.

Hujja mafi ƙarfi da ke hannun mai baho ita ce mafi sauƙi: gidansa ne, kuɗinsa ne, ba don sayarwa ya gina ba. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma akwai wani irin tsoron kasuwa da ke sa mutane su gina gidaje marasa rai, duk iri ɗaya, don faranta wa wani baƙon da bai zo ba tukuna. Wanda yake son ɗakin karatu ko lambu ko zaure irin na kakanninsa, ya yi abinsa. Amma ga ma'aikaci ko likita ko ɗan kasuwa a Nijeriya, gida ba wurin kwana kaɗai ba ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin da ke banki narkewa yake yi, fansho kuma kowa ya san labarinsa. Gida shi ne asusun, shi ne abin jingina ranar neman rance, shi ne abin da za a bari. Kuma maganar "ba zan sayar ba" tana ƙarewa ne ranar da mai maganar ya ƙare.

A nan ne lissafin ke komawa kan waɗanda ba a yi shawara da su ba. Idan magidanci ya rasu, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, matarsa ko matansa suna da tumuni idan akwai 'ya'ya, saura a raba, namiji rabon mata biyu. Gida ɗaya ba ya yankuwa gida goma sha biyu. Dole a yi masa kuɗi, sa'annan ko wani daga cikin magada ya biya sauran, ko a kai shi kasuwa. Irin wannan ciniki ba ya jira. Akwai kuɗin makaranta, akwai wadda za ta koma gidan haya bayan takaba, akwai ɗan'uwan da ke matsa lamba daga wani gari. Dillalai suna jin ƙamshin gaggawa daga nesa, kuma kowane aibi da ke jikin gidan makami ne a hannunsu. Tabon ruwa a silin falo, warin sokawe a ɗakin maigida, bahon da babu mai so: kowanne sai an zaftare masa wani abu, kuma zaftarewar tana sauka a kan rabon kowa, har da jaririn da ke goye. Wani lokaci ma ba kuɗin ne ke fara ɓacewa ba, zumunci ne. Ɗaya daga cikin 'ya'ya ya san miliyoyin da mahaifinsu ya zuba a ɗakin, yana da rasit. Mai ƙiyasi ya zo ya ce wannan aiki bai ƙara komai ba, ya ma rage. Idan kuma wanda zai sayi rabon 'yan'uwansa shi ne ya kawo mai ƙiyasin, to an shuka zargin da zai iya kai su gaban alƙali, alhali mutumin gaskiya ya faɗa.

Akwai wurin da wannan baho ke biyan kuɗinsa, kuma adalci ne a faɗa. Gidajen saukar baƙi na 'yan kwanaki, irin waɗanda ake tallatawa a Airbnb a Wuse 2 ko Lekki, otal ne da wani suna. Hoto ne ke kawo musu ciniki, baƙo na kwana biyu ya tafi, akwai mai shara. Wanda ya gina don wannan sana'a ya yi lissafinsa daidai, muddin ya san cewa ranar da zai sayar, mai irin sana'arsa kaɗai zai nema. Haka kuma wanda Allah ya hore wa gidaje bakwai, asarar da zai yi a ɗaya ba za ta hana marayunsa karatu ba. Ba su ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne mai gida ɗaya, wanda ya shekara goma sha biyar yana tara bulo da rodi daga albashi, sa'annan a matakin ƙarshe wani matashi mai kwamfuta ya nuna masa hoto mai sheƙi ya ce haka ake yi yanzu a Landan da Dubai.

Masu zanen gini da masu ƙawata ɗakuna su ne suka fi cancantar zargi, domin su ne suka sani. Mai gida bai karanta tazarar soket ba, bai san lanƙwasar bututu na bushewa ba. Su sun karanta. Amma baho mai zaman kansa da famfonsa mai tsayi kaya ne masu tsada da ake shigowa da su daga waje, kuma wanda ake biya bisa kason kuɗin aiki, ko yake da la'ada a shagon kayan famfo, ba shi da dalilin hana a saya. Hoton ɗakin kuma zai shiga shafinsa ya jawo masa wani aikin, ko da mai gidan bai taɓa cika bahon sau goma ba. Ƙwararre na gaske aikinsa ya haɗa da gaya wa mai kuɗi abin da ba ya son ji. Likitan da ya rubuta wa majinyaci duk maganin da ya nema don kada ya ɓata masa rai, an san sunan da ake kiransa da shi.

Abin takaicin shi ne wanda yake son jiƙa jikinsa a ruwan ɗumi bayan wahalar yini ba sai ya haƙura ba. A faɗaɗa ban-ɗakin da mita ɗaya tun a zane, a sa bahon a ciki kusa da taga, a jikin bangon da bututun ke bi, a ware masa hita mai girma da na'urar katse wuta, a bar shawa a gefe. Idan ana son a riƙa hango shi daga gado, a sa faffaɗar ƙofa mai zamewa, a buɗe ta ranar da aka ga dama. Kuɗin wannan bango da ƙofa bai kai na famfon da ke fitowa daga ƙasa ba, kuma a takardar dillali za a rubuta shi a matsayin babban ban-ɗaki, abin da kowane mai saye ke nema. Wanda kuma ya riga ya girka nasa a gefen gado, gara ya kira magini ya tayar da bangon yanzu, tun ragowar tayil ɗin yana sito, tun shi ne zai biya.